'Yan Wasan Aro Daga Abhur

A unguwar Kurayyat, a kudancin Jidda, akwai wani fili a bayan garejin gyaran motoci. Ba shi da ciyawa. Tsawonsa taki sittin ne, faɗinsa taki talatin da biyar. Amma a duk wajen shi kaɗai ne ya rage ba a gina bene a kansa ba.

Ƙungiyoyin yara biyu ne suke buga ƙwallo a filin. Ɗaya ta Layin Gidan Burodi ce, ɗaya kuma ta Layin Gareji. Kyaftin ɗin ta farko wani yaro ne ɗan shekara goma sha biyu, mai gudu, mai saurin fushi. Kyaftin ɗin ta biyu sunansa Bandar.

Kullum bayan la'asar sai an yi faɗa a kan wanda zai fara shiga fili. Rannan har aka yaga wa wani riga. Ustaz Nayef, malamin motsa jiki na makarantarsu, yana zaune a unguwar. Ya fito ya raba su.

Ya ce, "Halas, ya isa haka, na gaji da ku. Ranar Alhamis za ku kara, bakwai da bakwai. Ƙungiyar da ta ci, fili nata ne har ƙarshen hutu. Wadda 'yan wasanta suka gaza biyar, ta faɗi. Kowane kyaftin ya kawo mini sunaye ranar Talata."

Yaron ya koma gida ransa a ɓace. Sau biyu ke nan Layin Gareji suna cin su, kuma a ganinsa laifin abokansa ne. Wannan ba ya gudu, wancan ba ya iya buga ƙwallo da ƙafar hagu. Mohannad, mai tsaron raga, gajere ne.

Sai ya tuna da Thamer, ɗan gwaggonsa da ke Abhur, can arewacin gari. Ya taɓa ganin wasansa a waya. Thamer yana yanka mutum uku kamar suna barci. Nan da nan ya kira shi.

Thamer ya ce, "Zan zo. Zan zo da abokaina uku ma. Dukanmu masu cin ƙwallo ne. Babana zai kawo mu a mota."

Yaron ya ɗauko takardar sunaye. Ya soke suna huɗu, har da na Mohannad. Ya rubuta na baƙi a madadinsu.

Mahaifiyarsa tana yanka albasa, ta leƙo takardar.

Ta ce, "Wane ne ka soke a nan? Ba Mohannad ba ne?"

"Shi ne, Ummi."

"Yaron da kuke tafiya makaranta tare tun kuna aji ɗaya?"

"Ummi, fili nake so. Ba zumunci za a buga ba."

Ta ce, "To. Amma Abhur da nisa, ka sani. Kuma motar nan ba ta baban Thamer ba ce, ta kafilinsa ce, maigidan da yake yi wa aiki. Shi direba ne."

Yaron ya ninke takarda ya fita. 

Da safe suka haɗu da Mohannad a layin sayen burodin tamis. Mohannad ya nuna masa gwiwar wandonsa.

Ya ce, "Duba, Ummi ta ɗinka mini soso a nan. Yanzu zan faɗi a kan tsakuwa ba tsoro."

Yaron ya ce, "Ba ka cikin wasan Alhamis."

Mohannad ya yi dariya. Da ya ga yaron bai yi ba, sai ya daina.

"Wa zai tsaya a raga?"

"Ba ruwanka. Waɗanda na samo, ƙwallo ma ba za ta zo ragarmu ba."

"Ni ka cire? Ni da na tsince kwalabe a filin nan har na yanke a hannu?"

Yaron ya ɗaga murya. "Tsintar kwalba ba ita ce ƙwallo ba. Duk ƙwallon da ta zo ta sama sai ta wuce ka. Ka ƙara tsawo tukuna."

Mutanen da ke layi suka waiwayo. Mohannad ya karɓi burodinsa. Ya tafi, kunnuwansa sun yi ja.

Ranar Talata yaron ya kai takarda. A teburin Ustaz ya hango ta Bandar. Ya karanta, ya yi tsaki. Babu sabon suna ko ɗaya. Akwai mai ƙiban nan, akwai mai tabarau, akwai ƙaramin da ke ɗaukar musu kular ruwa. A ransa ya ce fili ya zama nasa.

Ranar Alhamis aka idar da sallar la'asar. Yaran Layin Gareji suka fito daga masallaci tare, su bakwai, suka taka zuwa fili. Yaron yana tsaye da mutum biyu kacal. Yana duban titi, yana jiran motar su Thamer. Mohannad da sauran ukun da aka cire suna zaune a kan katanga.

Sai da aka yi minti ashirin farar mota ta iso. Thamer da abokansa suka fito da takalma masu ƙyalli.

Thamer ya dubi filin ya ce, "Wannan ne? Na zaci da ciyawa."

Yaron ya ce, "Yalla, ku yi sauri, mun makara. Wa zai tsaya a raga?"

 Kowa ya ce shi ɗan gaba ne. A ƙarshe yaron da kansa ya shiga raga, shi da bai taɓa tsaron raga ba.

Ustaz ya busa usur. Thamer ya karɓi ƙwallo, ya yanke ɗaya, ya yanke biyu. Abokinsa yana gefe ba kowa a kansa, yana kira. Thamer bai ba shi ba. Mai ƙiban nan ya tare shi ya ƙwace ƙwallon. Ya ba mai tabarau, mai tabarau ya ba Bandar. Cikin su Thamer ba wanda ya dawo baya. Bandar ya zura ta a raga.

Yaron ya yi ihu daga raga. "Ku dawo baya. Kai, mai jar riga, da kai nake."

Ko sunansa bai riƙe ba. Mai jar riga ya ce, "Kada ka ƙara yi mini tsawa. Taimakonka na zo yi."

Baƙin ba su san filin ba. Ba su san akwai rami kusa da katanga ba, ba su san ƙwallo tana karkata a gefen gareji ba. Yaran Bandar kuwa ko kallon juna ba sa yi kafin su miƙa ƙwallo. Kafin hutun rabin lokaci an ci yaron uku da nema.

Ana shan ruwa sai wayar baban Thamer ta yi ƙara. Ya amsa a tsaye, yana cewa, "To, to, yanzun nan." Ya kashe ya ƙaraso.

Ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri. Kafili yana son mota, za a kai iyalinsa filin jirgi. Thamer, ku shiga."

Yaron ya ce, "Kawu, rabin wasa fa ya rage."

"Na sani. Amma ba zan bar yaran mutane a nan ba, kuma aikina ne."

Mota ta tafi. Suka rage su uku.

Ustaz ya dubi agogo. Ya ce, "Kuna buƙatar ƙarin mutum biyu. Bandar ya yarda ka ɗauko ko waye. Minti biyar na ba ka."

Yaron ya nufi katanga. 

Ya ce, "Mohannad, sauko ka shiga raga."

Mohannad yana kaɗa ƙafa. Ya ce, "Ban ƙara tsawo ba tukuna."

"Za mu rasa fili."

"Za ka rasa dai. Mu tun Talata muka rasa shi."

Yaron ya dubi sauran ukun. Kowa ya kau da kai. Cikin fushi ya ce, "Maciya amana kawai." Ya shuri katanga har yatsansa ya yi ciwo. Ustaz ya busa usur sau uku. Fili ya zama na Layin Gareji.

Da kowa ya watse, Ustaz ya kira yaron. Suka zauna a kan wata tsohuwar taya. Ustaz ya ciro takardun biyu ya jera su a gwiwarsa.

Ya ce, "Karanta mini ta Bandar. Wannan mai ƙiba, me ya sa ya ɗauke shi?"

Yaron ya yi gunaguni. "Ba a wuce shi."

"Mai tabarau fa?"

"Yana ba da ƙwallo."

"Ƙaramin?"

"Ba ya gajiya. Kuma bai taɓa fashi ba."

"Su bakwai ɗin nan, daga gidajensu zuwa fili minti nawa ne?"

"Uku."

Ustaz ya ɗaga ɗaya takardar. "To ga taka. Mutum huɗu, aikinsu iri ɗaya. Ba mai tsaron raga, ba mai tsaron baya. Sau nawa kuka yi atisaye tare?"

Yaron ya sunkuyar da kai. "Ko sau ɗaya."

"Bandar ya tambayi kansa, wane aiki ne ba mai yi? Sai ya ba kowa nasa. Kai kuwa ka tambayi kanka, wa ya fi burge ni? Thamer ya fi kowa iya ƙwallo a filin nan yau, ban musa ba. Amma ba naka ba ne."

Kwana shida yaron bai taɓa ƙwallo ba. Bayan la'asar yakan tsaya a taga. Titi ya yi shiru. Abokansa suna wucewa ba sa ɗaga kai. Idan ƙanwarsa ta yi masa magana sai ya yi mata tsawa.

A kwana na bakwai babansa ya dawo daga aiki. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi. Ya ajiye jakar kayan aiki ya dubi ɗansa.

Ya ce, "Har yanzu da wa kake fushi?"

"Da Thamer. Da Mohannad. Da kowa."

"Ka manta mutum ɗaya."

Yaron ya gane da shi ake.

Baban ya ce, "Ni ina hawa tsani har hawa na uku. Wanda yake riƙe mini tsanin bai iya gyara ba. Amma shekara tara bai taɓa saki ba. Da zan kore shi don na ga wani gwani a waya, da wa zan yi kuka ranar da na faɗo?"

Hawaye suka zubo wa yaron. Ya ce, "Baba, ba zai saurare ni ba."

"Mai yiwuwa. A gaban mutane ka ci masa fuska, ko?"

"A layin burodi."

"To can za ka gyara."

Washegari da safe layin ya cika kamar kullum. Mohannad yana gaba. Yaron ya tsaya kusa da shi. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

Ya ce, "Mohannad, na yi maka laifi. Na wulaƙanta ka a nan. Ni ne na ci amana, ba ku ba. Ka yafe mini."

Mohannad ya kalli tanderu. Sannan ya ce, "Uku aka zura maka. Ni ban taɓa shan uku a rabin lokaci ba."

"Na sani."

"Ta biyun ma ta tsakanin ƙafafunka ta bi."

Mai burodi ya fashe da dariya. Mohannad ma ya kasa daurewa. Ya gutsuri tamis mai zafi ya miƙa wa yaron.

A ranar yaron ya bi gidajen sauran ukun ɗaya bayan ɗaya. Biyu suka haƙura nan take. Na ukun sai da ya sa shi ya maimaita sau biyu.

Bayan la'asar su bakwai suka tafi fili tare. Suka tarar da yaran Bandar sun rabu uku da huɗu, suna buga ƙwallo ba armashi.

Yaron ya ce, "Bandar, fili naku ne, ba gardama. Mun zo roƙo ne. Ko za ku buga da mu?"

Bandar ya ƙirga su da ido. Ya ce, "Ba 'yan Abhur?"

"Babu. Mu ne dai."

Bandar ya ce, "Wallahi mun gaji da cin junanmu. Ku shigo. Ku riƙa zuwa kullum."

Suka buga har aka kira magariba. Layin Gareji suka ci biyu da ɗaya. Mohannad ya tare ƙwallo biyar, ɗaya ma ta sama ce. Yaron bai yi wa kowa tsawa ba. A hanyar gida suna ta gardamar wanda zai tsaya a baya gobe.

Tun daga ranar yaron ya gane cewa kayan aro ba ya rufe katara. Ƙungiya ba tarin gwanaye ba ce. Mutane ne da suka san juna, kowa yana riƙe da aikinsa. Kada ka yar da abokin da ke tare da kai kullum saboda gwanin da zai zo maka na yini ɗaya.