Makarar da Ta Fita Daga Lungun Dukawuya

Da hantsi aka tarar da ɗakin ajiyar kamfanin gas da ke cikin wani lungu a Dukawuya a buɗe. Makullan tagulla na buɗe gas da rufe shi, da za a ɗaura wa sabon bututu, sun ɓace.

Tun damina kamfanin ya haƙa rami ya datse bakin lungun. Bayan lungun bango ne. Kowa ta kan katako ɗaya da aka gitta a kan ramin yake fita, Baba Jibrin maigadi yana caje kayansa. Don haka shi aka fara kullewa. Kamfanin kuma ya ce ba za a cike ramin ba sai kayan sun fito.

Sufeto Abdulƙadir ya fara da Aminu, shugaban leburori, mai riƙe da mabuɗin ɗakin. An fasa kwaɗon ne, kuma Aminu a asibiti ya kwana wajen matarsa. Ado ɗan gwangwan ya yi dariya da aka tambaye shi.

"Yallaɓai, kurata ba ta hawa katakon nan. Tun da aka haƙa ramin ban leƙa lungun ba."

An auna, gaskiya ya faɗa.

Sufeton ya koma wajen Baba Jibrin. Tsohon yana zaune a ƙasa, ya ƙi taɓa abinci.

"Baba, gobe kotu. Me ya fita ba ka caje ba?"

"Babu."

"Babu ko ɗaya?"

"Sai gawa, bayan asuba. Gawa ake cajewa?"

"Su wa suka ɗauko ta?"

"Ban kalli fuska ba, kaina yana ƙasa. Na kai kafaɗa in samu lada, na gaba ya ture ni. Yaran yanzu."

Sufeton ya shiga lungun, ya bi shi har bango. Babu ƙofar da aka shimfiɗa tabarmin makoki. Ya samu Malam Salisu ladan a masallaci.

"Malam, wa ya rasu?"

"A nan? Da ni zan fara sanarwa."

"Ina makararku?"

"Kabiru mai waldar kamfani ya karɓa jiya. Ya ce ƙafarta ta tsage, zai gyara mana sadaka."

An tarar da Kabiru a bakin ramin yana walda. Ya ce makarar tana shagon ƙaninsa a Ƙofar Wambai. Tana can kuwa, ƙafarta a tsage yadda take. Makullan suna bayanta, naɗe cikin farin yadi.

"Ka san ba a caje makara," in ji Sufeton. "Amma a garin nan duk wanda ya gamu da gawa yana sa kafaɗa, kuma ba a hana shi. Kai ka hana, don kowa ya taɓa zai ji ƙarfe ne. Sannan lungun nan hanyarsa ɗaya. Gawa ta fito, ba gidan da aka yi rasuwa."

Kabiru ya amsa laifinsa. Daga baya ya faɗi sunayen waɗanda suka taya shi ɗauka.

Da la'asar aka buɗe wa Baba Jibrin. Sufeton ya ba shi haƙuri. Tsohon ya sa hularsa, ya tsaya a ƙofa.

"Kullewar ba ita ta dame ni ba, ɗana. Tsaye na yi, na ɗaga hannu, na roƙa wa tagulla gafara."