Farin Ƙyallen Malama

Dab da magariba Yaya ta ce in raka ta tsohon Gidan Gwaji mu ɗauko keken ɗinki. Washegari za a rushe shi.

Ni ɗinki nake koyarwa a sashen tattalin gida na kwalejinmu, Yaya kuwa ita ce shugaba. A rumfar kwano sashen nan ya fara, da murhu biyu. Wata malama ce ta yi ta naci har aka gina kicin, aka ƙara ɗakin guga, aka ƙara falo, ya zama gida sukutum inda ɗalibai ke koyon riƙon gida. Mu duka ta hannunta muka bi. Dokarta biyu: ba a shiga da takalmi, kuma ba a fita sai ta shafa farin ƙyalle a kan aikinki ya fito fes. In bai fito ba, kalma ɗaya ce: "Sake."

Yaya ba ta taɓa yafe mata wannan kalma ba. Tana hawa kujera ta tura Malama ritaya, ta sa aka ɓamɓare allon sunanta, ta mai da gidan jujin matattun risho da fasassun tukwane. Da baƙin cikin nan Malama ta rasu. Na ce wa Yaya alhaki fa kwikwiyo ne. Ta ce in riƙe wa'azina.

A bakin ƙofa na tuɓe takalmi, sabo turken wawa. Yaya ta ja tsaki ta shige da nata, taɓo caɓa-caɓa.

"Wa kike tsoro? Tana kabari."

Warin ɓera ya kamata mu ji. Ƙamshin sabulu da sitaci na ji, da na dutsen guga mai zafi.

Ƙofa ta rufe a bayanmu, a hankali.

Daga ɗakin guga muka ji tafiya. Ƙafa ba takalmi.

"Yaya," na ce ƙasa-ƙasa, "mu koma."

Teburin kicin take kallo. Farin ƙyalle ne a kai, an ninke shi an goge. Ya miƙe. Ba hannun da ya ɗaga shi. Ya sauka ƙasa, ya bi sawun takalmin Yaya, ya ɗago baƙi ƙirin a gaban fuskarta.

"Sake."

Muryar Malama ce, amma daga ko'ina take fitowa, har daga cikin tukwane.

Yaya ta zube a kan gwiwoyinta. Ta fizge ɗankwali ta fara goge ƙasa. Kuka take, hannun bai tsaya ba.

"Riƙe ni! Don Allah riƙe ni!"

Na kama kafaɗarta. Kamar na kama bango.

Ƙyallen ya juyo kaina. Sanyi ƙalau. Ya shafi tafin ƙafata, ya shafi hannuna. Addu'a ma ta ɓace mini.

Ya fito fari.

Ƙofa ta buɗe daidai faɗin mutum ɗaya. Wani abu ya hankaɗa ni waje.

Na tara masu gadi, har da gatari, ƙofar katako ta gagara. Sai da gari ya waye ta buɗe da kanta. Gidan na ƙyalli, har tukwanen. Yaya na durƙushe tana gogewa da yatsu, ba farce ko ɗaya.

Na san mamaci ba ya dawowa. Amma gidan da aka daɗe ana tsabtacewa ba ya rasa masu zama a ɓoye, kuma su ma sun koyi dokar.

Ba a rushe gidan ba. Direban katafila ya leƙa sau ɗaya, ya juya.

Yanzu Yaya a wurina take. Wallahi tausayinta nake ji, ko da ita ta jawo. Kullum magariba sai ta durƙusa ta goge falona, ta miƙo mini tsumma.

"Ya fita?"

"Ya fita fes, Yaya. Tashi."

Sai ta karkata kai tana sauraron wani abu a bayana.

"Ta ce in sake."