Sunan Da Ta Soke

A ɗakin taro na kamfanin haɗa famfo suka fara ganin juna. Ita injiniya ce, manaja ya ɗora mata zaɓen wanda zai koya wa ma'aikata Turancin aiki, don rahotannin da suke aikawa waje kullum dawowa suke da tambayoyi. Malamai uku suka zo gwaji. Na ƙarshensu, tsohon rahoto kawai ya roƙa, ya zauna gefen wani dattijon makanike suna gyarawa layi-layi, har dattijon ya saki dariya.

Malamin ya ɗago, suka haɗa ido da ita. Biro ya suɓuce mata.

Kowa ya ga shi ya fi. Amma ta ji tsoron bakin mutane da rawar da zuciyarta ke yi. Ta soke sunansa, ta zaɓi wani kwas na intanet.

Bayan kwana biyu saƙonsa ya shigo: "Injiniya, na gode da damar. Allah ya sa haka ya fi alheri. In wata wasiƙa ta ba ki wuya, turo min."

Ta tura. Daga wasiƙa aka koma hira, "Injiniya" ta zama "Injiniyata". A wurin aiki kuwa kwas ya watse. Dattijon ya daina zuwa, wai kwamfuta ba ta sauraron tambayarsa. Duk lokacin da ta wuce shi sai ta sunkuyar da kai.

Da maganar aure ta taso, Babanta ya ce, "Malamin da ba shi da tsayayyen aiki? Sake tunani."

Ta kira malamin tana kuka. "Malam, kai ka ci gwajin nan. Ni na soke ka, don na ji ina sonka."



"Abin ya yi min ciwo," ya ce. "Amma ba ni kaɗai kika cuta ba. Ma'aikatanku za ki fara gaya wa."

Washegari ta tsaya gaban manaja da ma'aikata ta faɗi gaskiya. Aka ba ta takardar gargaɗi, aka ɗauko wani malamin daban. Da yamma ta zayyana wa Baba komai.

Baba ya dube ta ya ce, "Ya ji wannan, kuma yana nan? Ce masa ya turo manyansa."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Mamanta ta dubi angon ta ce, "Ɗana, ga ta nan. Akwai taurin kai, sai haƙuri."

"Mama, ai koyarwa ce sana'ata."

Aka yi dariya. Mama ta ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya." Ya amsa da amin har sau biyu, don ita amaryar kuka ya hana ta faɗin nata.