Mai Kwance wa Maiwada Sukuru

Rana ta sunkuya bayan gonakin Ƙarfi, hayaƙin tuwo ya kwanta kan katangu, awaki sun dawo suna jiran dusa. A irin wannan lokaci duk mai hankali buta yake nema. Maiwada kuwa sukundireba yake nema.

Sana'arsa yankan itace da inji, irin mai sarƙar nan. Yana kuma da wata aƙida da ba malamin da ya karantar da shi: injin da ya fi ihu shi ya fi ƙarfi. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Manoman yankin ba sa bin mai inji gida, kunne suke kasawa su bi ƙarar da ta fi kaifi. Tun da Rabe, abokin hamayyarsa, ya sayo sabon injin da ake jin kukansa daga ƙetaren rafi, tuwo bai ƙara yi wa Maiwada daɗi ba.

A jikin kafireton injin akwai ƙananan sukuru uku. Na ukun shi ke auna man da inji zai sha in an ba shi totur har ƙarshe. Ka ɗaure shi, mai ya ragu, inji ya dinga tsala ihu, cikinsa yana soyuwa. Masu gyara a Funtua sun faɗa masa haka. Ya ce baƙin ciki suke masa.

Ranar ya ɗaure, ya fizgi igiya, ya matse totur. Ihun ya tsaga almuru.

Hajo matarsa ta leƙo daga madafi. "Maigida, magariba ce fa. Ba a irin wannan ƙara yanzu."

"Magaribar ce za ta kawo mini aiki?"

Da ya kashe injin, shiru ya sauko mai nauyi, har kaji suka fasa motsi a akurki. Can sai tsakuwa ta faɗo kan kwanon ɗaki. Ƙwas. Aka ɗan jima. Ƙwas. Ya zagaya bayan gida yana zagin yaran unguwa, bai tarar da ko ƙadangare ba.

Washegari a gona injin ya tashi da murya mai kauri, ba ihu. Ya duba, an kwance sukurun. Ya ce girgiza ce. Da yamma ya ɗaure, da safe ya samu a kwance. Ya ce Hajo ce. Ta ce ita ko ludayinta ba ta gama nema ba. Ya ce sammun Rabe ne. Ya kulle injin a akwati, ya rataya makulli a wuya, gari ya waye sukuru a kwance. Jifa kuwa kullum ƙaruwa take, daga tsakuwa ta koma hoge, kuma in duhu ya fara shiga, daga ɗakin ajiya akan ji wata murya ƙasa-ƙasa tana nishi: "Zafi... zafi..."

Mutum mai lissafi da ya tsaya. Maiwada sai ya sayo gam. Ya ɗaure sukurun fiye da kullum, ya ɗiga masa, ya ce a zo a kwance ya gani. Ya tayar da injin, ya matse, ya saurara yana murmushi, sannan ya kashe.

Ihun bai tsaya ba.

Daga bakin Najiba yake fita, autarsu, yarinya mai sanyin magana, wadda ke zuba miya a kwano. Ta sandare, ido a kafe, jikinta kamar garwashi, muryarta tana hawa tana ƙara hawa, babu numfashi a tsakani. Hajo ta rungume ta tana salati. "Za ta tsage! Maigida, wuyanta zai tsage!"

Aka ɗauko Malam Awaisu a kan babur, dattijon da ya ƙoshi da karatu, ba ya gaggawa ko a gobara. Ya zauna, ya dafa kan yarinyar, ya yi ta karatu har ihun ya karye. Sai wata murya ta tsoho, busasshiya, ta fito daga bakinta.

"Sannu, Malam. A hankali, ba gardama na zo yi ba."

"Wane ne kai, me ka zo nema a jikin 'yar mutane?"

"Tambayi mai injin nan. Ɗorawata ya sare, gidan da na gada. Ban ce uffan ba, na san neman abinci yake. Na kwashe komatsaina na tare a salansar injinsa, da ɗumi-ɗuminta. Sai ya mayar mini da ita maƙera. Ina kwancewa yana ɗaurewa. Na yi jifa, ya zagi yara. Yau ya sa gam. Gam, Malam!"

"Kai da aka halitta da wuta kake kukan zafi?"

"To ka ga inda abin ya kai."

Malam ya tsuke baki, ya ce, "Fita za ka yi."

"A ba ni injin, in fita."

Maiwada ya dubi injin, ya dubi 'yarsa, ya sake duban injin. Wannan duba na biyu Hajo ba ta yafe masa ba har yau.

"Ba a ba ka ko sukuru ɗaya," in ji Malam. "Zalunci ka yi, yarinya ba ta sare maka komai ba."

Muryar ta yi laushi. "Gaskiya ne. To a bar mini tsohon marken bakin rafi. Kuma kayana suna cikin salansa, ba na shiga wutar nan. Ya daidaita injin a gabana, in kwashe in tafi."

Malam ya amince. Maiwada ya kankare gam da wuƙa. Aljanin yana ba da umarni kamar tsohon ubangida: a wanke matatar iska tukuna, a ja sarƙa ta zauna daidai, kowa ya matsa baya, a bar inji ya yi ɗumi. Da aka matse totur, inji ya tsala ihu, Najiba ta tsala tare da shi.

"Kwance!" in ji Hajo. "Kwance mana!"

Ya murɗa da yawa. Inji ya turnuƙe da hayaƙi, yarinya ta sarƙe da tari.

"Kai komai naka sai ka wuce gona da iri?" in ji muryar. "Mayar kaɗan. Kaɗan na ce, kamar faɗin farce. Saurara."

Maiwada ya saurara, abin da bai taɓa yi ba. A ƙarshen totur ihun ya ɗan dusashe, ya koma ɓararraka, kamar tukunyar talge.

"Nan. In ya shiga itace muryar za ta washe da kanta. Abin da ya wuce nan ba gudu ba ne, ajali ne."

Malam ya sa aljanin ya rantse ba zai ƙara taɓa kowa a gidan ba. Najiba ta yi atishawa, ta sulale a jikin uwarta, ta buɗe ido ta ce, "Inna, miyar ta huce?"

Injin Maiwada bai ƙara tashin unguwa ba, yankansa kuwa sai ka ce wuƙa a kabewa. Kafin kaka ta ƙare injin Rabe ya buga a tsakiyar wani maɗaci. Maiwada ya riƙa zama a majalisa yana koya wa mutane sirrin kafireto, wai shi ya gano da basirarsa.

Sai dai hali zanen dutse. Wata magariba ya ji sabon inji yana ihu daga nesa. Ya waiga, Hajo tana madafi. Ya lallaɓa ya ɗora sukundireba a kan sukurun nan na uku.

Ƙwas.

"Dubawa kawai nake yi," in ji Maiwada, yana kallon kwanon ɗaki.