Tunkiyar Jikata da Zakaran Zinariya

Na rasa tukunyar tagullar mijina. Na samu 'yar tunkiya ɗaya da jika mai tambaya. Ku zauna ku ji, yara. Amma kada ku sa ni maimaitawa, na gaji.

Sunana Veturia. Shekara talatin da ɗaya ina sayar da cuku a kasuwar garinmu. Sunana kaɗai na iya rubutawa, amma ba a taɓa cutata a ciniki ba. Mijina Ilarie ya rasu ya bar min tumaki bakwai da tukunyar da muke dafa madarar cuku. Jikata tana hannuna, uwarta na aiki a Italiya.

Da sanyin bana wata tunkiya ta mutu wajen haihuwa. Na ba yarinyar 'yar da ta bari. Da kwalba ta shayar da ita, a gefen murhu.

Wata Litinin na shiga garke, ban ga 'yar tunkiyar ba.

"Ke, ina tunkiyarki?"

Ta sunkuyar da kai. "Na sayar wa Kawu Pamfil, Kaka. Ya ba ni kuɗi, lei ɗari huɗu."

Pamfil maƙwabcina ne. Shekara shida yana naci in sayar masa da tukunyata, ina korarsa.

"Kwana goma kawai, Kaka. Zan sayo ta, har in sayo miki injin wanki."

Ta nuna min waya. Na ga hoton zakara mai ruwan zinariya yana rawa.

"Kuɗin kirifto ne. A waya yake zama. Liviu, yayan ƙawata, ya saya min. Duk makaranta maganarsa ake. Jiya ma ya ninka."

"Wa ya yi shi?"

"Ba su faɗi sunansu ba."

"Wane aiki yake yi?"

"Ai tashi yake ta yi!"

"Kin buɗe bakinsa?"

Ta yi dariya. Na ce mata ba wasa nake ba. A kasuwar dabbobi ana wanke tsohuwar tunkiya, a taje ta, a ɗaura mata jan zare. Ni ba na kallon gashi. Baki nake buɗewa in ga haƙora. In taɓa hantsa. In tambayi uwarta.

"Kaka, ke ba za ki gane ba. Zamani ya wuce ki."

Na koma kan madarata, ƙafafuna na ciwo.

Ranar Alhamis ta dawo daga makaranta ido ya kumbura. Zakara ya faɗi. Lei ɗari huɗu sun koma shida. Masu shi sun kwashe kuɗin mutane sun ɓace. Ga shi Pamfil ya gaya mata ranar Asabar mahauci zai zo ɗaukar 'yan tumakin bikin Ista.

"Kaka, yanka ta za su yi!"

Ban rarrashe ta ba. Da safe na ɗaura ɗankwalina na bi ta makaranta, wajen Malama Otilia mai koyar da lissafi.

"Malama, gaya min gaskiya. Duk waɗannan kuɗin wayar na ɓarayi ne?"

"Ba duka ba, Inna Veturia. Wasu an san masu gina su. Sun shekara da shekaru suna aiki. Kowa zai iya duba aikin, kuma mutane na aika kuɗi da su. Su ma farashinsu kan faɗi, kuma ba abin yara ba ne. Amma akwai abin dubawa."

"Suna da haƙora ke nan."

Malama ta yi murmushi, ta juya ga yarinyar. "Ke me kika duba kafin ki saya?"

"Ban duba komai ba, Malama. Ihu na ji."

"To ki riƙe wannan. Ihu ƙarewa yake. Kafin ki ba da kuɗinki, tambayi wa ya yi abin, wane aiki yake yi, kuma me zai rage in an daina ihun."

Da yamma muka tura tukunyar a baro zuwa gidan Pamfil. Ni na san abin da ya sa ya sayi tunkiya a hannun yarinya.

"A'a, maƙwabciya! Yau sarauniyar cuku ce a ƙofata?"

"Rufe min baki, tsohon dila. Nawa?"

"Tunkiyar, da lei ɗari biyu. Don Ilarie abokina ne."

"Ilarie ko laima bai taɓa ara maka ba. Dubu biyu."

Ya ƙwanƙwasa tukunyar, ya taɓe baki. "Ta tsufa. Dubi yadda ta yi baƙi. Sabuwa a kanti walƙiya take."

Na buɗe baki, sai jikata ta riga ni.

"Kawu, sabuwar da ka saya bara tana ina?"

Ya sosa ƙeya. "Ta huje."

"Wannan kakan Kaka Ilarie ne ya ƙera ta. Shekararta tamanin tana dafa madara. Ko sau ɗaya ba ta ɗiga ba. Baƙin na hayaƙi ne. Ka juya ta ka duba gindin."

Ya juya, ya duba, ya daɗe yana dubawa.

"Wa ya koya wa yarinyar nan ciniki?"

"Zakara," in ji ni.

Muka ja, muka ja. Sau biyu na ɗaga baro zan tafi. Da aka fito da 'yar tunkiyar, ta ruga wajen jikata tana kuka. Yarinyar ta rungume ta, sannan ta buɗe mata baki ta leƙa. Pamfil ya yi dariya har da tari.

Yanzu kowace Asabar tare muke zuwa kasuwa. Ita ke ɗaukar kwando. Ko albasa za ta saya sai ta tambayi gonar da ta fito. Tana gajiyar da ni, amma na fi son haka.

Ku ma kada ku sayi abu don kun ji ana ihunsa. Ku buɗe bakinsa tukuna.

Tukunyar kuwa, na shafa ta sau ɗaya na ɗauke hannu. Na karɓi tunkiyar, da lei ɗari tara, da buhun masara biyu, da sharaɗin kowace Laraba Pamfil zai turo min ita aro, a baronsa, da ƙafarsa.