Duwatsun Bayan Dundaye

"Duwatsu, Tukur? Duwatsu kuma?!"

Atika ta tsaya a fakon da ke bayan Dundaye, takaici kamar ya kashe ta. Sa'o'insa duk sun shige ofis, kuɗin ƙarin albashin Udoji ya cika musu aljihu. Shi kuwa masoyin nata, da ya karanto zane a Zariya, tun bayan girbi yake kai da komo a layi ɗaya har sawunsa ya fitar da turba. A ƙarshenta ya kewaye wuri da duwatsu, goshinsa na kallon mafitar rana.

"Hasken idona, ƙasa ita at takardata..."

"Kai da takardar taka! Sodangi ya ce ma Baba ka taɓu. Gobe shina kawo shi shi gani. In Baba ya ce a'a, mun rabu ke nan!"

Sodangi ɗan kwangila ne, ya daɗe yana nemanta, Marsandinsa yake taƙama da ita.

Washegari da la'asar ta laɓe da zuwa gaida gwaggonta, ta shige bayan motar Sodangi da ta zo ɗaukar Baba.

Suna isa Sodangi ya nuna da yatsa, sai yatsan ya tsaya.

Manoman da suka taso daga fadama sun biyo turbar, sun ga duwatsu a jere suna fuskantar gabas, yadda ake shata masallaci a ƙauye. Sun tuɓe takalma, sun ja sahu. Baba ya fito daga motar, ya bi su.

Da aka sallame ya waiwayo. "Wa yay yi wanga aiki?"

"Ni na, Baba," in ji Tukur. "Amma..."

Atika ta galla masa harara. Ina! Wanda bai ji bari ba...

"...amma ba masallaci niy yi nufi ba."

Ta runtse ido. Wayyo Allah, wannan wane irin mutum ne!

Baba ya dube shi, ya yi murmushi.

"Ka yi niyyarka, Allah ya yi tasa. Ka san gabas, kuma ka ƙi yi min ƙarya. Turo magabatanka."

Sodangi ya buga ƙofar mota.

Tukur ya matso, ya rage murya. "Atika... sun gusar min da dutse ɗaya."

"Wallahi ka taɓa shi, na fasa!"