Matuƙin Jirgin da Bai Taɓa Tashi Ba

Malama ta ba da aikin gida. Kowa ya rubuto ɗan tarihin shahararrun mutanen da sunan danginsu ya zo ɗaya da nasa.

Auta ya wuni a ɗakin karatu har idanunsa suka yi ja. Da ƙyar ya samo uku: wata likitar ido, wani ɗan tsere, da wani alƙali mai kiwon zuma. Sai ya tuna Baba, mai gyaran takalma a gindin bishiyar bakin kasuwa, wanda ya rasu wata huɗu da suka wuce. Babu shi a littafi ko ɗaya.

Ya ɗauki biro ya ƙara: "Na huɗu, mahaifina, matuƙin jirgin sama."

Washegari ya karanta a gaban aji. Wani daga baya ya ce, "Jirgi? A gindin bishiyar bakin kasuwa yake sauka?"

Aji ya fashe da dariya. Malama ta tsawatar, sannan ta ce, "Kai wa mahaifiyarka ta sa hannu."

Da yamma Mama ta dawo daga aikinta na wanki a asibiti, ƙafafunta a kumbure. Ta zauna a bakin gado ta karanta har sau biyu.

"Ban san wannan matuƙin ba, Auta. Ni dai mai gyaran takalma na aura. Kunyarsa kake ji?"

"A'a, Mama." Hawaye suka zubo masa. "Na gaji ne. Ko'ina na duba, babu shi."

Mama ta ajiye takardar. Can ta janyo akwatin Baba daga ƙarƙashin gado. Ga guduma, ga basilla, ga zare. Har yanzu yana ƙanshin fata.

"To, kai ka rubuta shi. Amma shi ɗin na gaske."

Da safe Auta ya sake tsayawa gaban aji.

"Jiya ƙarya na yi. Babana takalma yake gyarawa. Bahago ne. Yana ajiye ƙusa a baki, shi ya sa da kai yake amsa gaisuwa. Idan takalmin ɗan makaranta ya tsinke, shi yake fara ɗinkewa, don kada ya makara."

Yaron da ya yi masa ba'a ya sunkuyar da kai. Malama ta cire takalminta ta ɗaga sama.

"Ɗinkinsa ne wannan. Shekara biyu, bai ko motsa ba."

Aji ya ɗauki tafi. Auta ya yi murmushin da ya daɗe bai yi ba. Ya gane cewa mutumin kirki ba ya buƙatar a yi masa ado da ƙarya. Gaskiyarsa ta ishe shi.